Sola Ɗan Fetur Ne? Tarihin Yadda Kamfanonin Mai Suka Raini Kishiyarsu

Shirin yau daga gida na ɗauko shi, wato Jahun, kuma wata gardama ce ta haife shi.

Ina da baffa manomin rani, gonarsa tana wajen Harbo. Shekaru da dama da injin ban ruwa mai shan fetur yake shayar da shinkafa da albasa. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafinsa ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Sai ya fara tunanin sayar da sa guda ya sayi famfon sola. Kun san manomi ba ya taɓa san nomansa da wasa.

Wata rana da yamma muna zaune a ƙofar gida, sai ga makaniken da ke gyara masa injin. Da ya ji maganar sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kada ka bari yaran nan su ruɗe ka. Sola ma ɗan fetur ne. Da mai ake ƙera shi, da mai ake kawo shi. Ranar da mai ya ƙare, shi ma ya ƙare."

Baffa ya juyo ya dube ni. "Kai ɗan boko, gaskiya ne?"

Na ce, "Baffa, ku ba ni lokaci in bincika." Don wallahi a ranar ba ni da amsar da zan tsaya a kanta. Abin da na tarar shi na kawo muku yau. Makaniken yana da gaskiya fiye da yadda na so, amma ya ɓata lissafi a wuri guda, kuma wurin nan shi ne ya shafi aljihun Baffa.

Mu fara da asali.

Tun 1839 wani matashi Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya lura cewa haske yana iya tayar da lantarki a jikin wasu abubuwa. Sai a 1954 aka samu ƙwayar sola mai amfani ta farko, a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka. Mutum uku suka yi aikin: Daryl Chapin, Calvin Fuller da Gerald Pearson. Ƙwayar tasu tana mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta zuwa wuta. Matsalar ita ce tsada. Babu mai iya saye sai masu harba tauraron ɗan'adam, shi ya sa a 1958 aka liƙa ta a jikin tauraron Vanguard 1. Ku lura da shekarun nan: a 1956 aka gano mai a Oloibiri, a 1958 Najeriya ta fara fitar da shi waje. Wato sola da man Najeriya kusan sa'annin juna ne.

To wa ya sauko da sola daga sama zuwa ƙasa? Nan abin mamakin yake. Kamfanonin mai ne.

Wani masanin sinadarai, Elliot Berman, ya samu kuɗi daga Exxon, aka kafa kamfanin Solar Power Corporation a 1973. Dabararsa ita ce ya riƙa amfani da silikon ɗin da masana'antun kayan lantarki suka ƙi saboda ƙaramin aibi. Da haka ya sauko da farashi daga kusan dala 100 kan kowane wat zuwa kusan dala 20. Su wa suka fara saye? Masu haƙar mai a teku. Dandamalinsu yana buƙatar fitilar gargaɗi don kada jirgin ruwa ya yi karo da shi, kuma kai manyan batura can da kwaso matattu aiki ne mai cin kuɗi. Haka ma bututan mai da ke ratsa daji, ana sakar musu 'yar wuta kaɗan don kada tsatsa ta ci su. Sola ya yi musu daidai.

A watan Oktoban 1973 ɗin ne kuma ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙawayenta mai saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila. Gangar mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Mu nan kuɗi suka shigo kamar ruwan sama, zamanin Gowon da Udoji, noman gyaɗa ya fara ja da baya. Su kuwa can tsoro ya kama su, suka shiga neman abin da zai maye gurbin mai. Kamfanin ARCO ya sayi wani ƙaramin kamfanin sola a 1977, kuma a 1980 ARCO Solar ya zama na farko da ya ƙera farantan da suka haura megawat 1 a shekara guda. Amoco ya sayi Solarex a 1983. Mobil, BP da Shell duk sun shiga. Daga baya kuma ɗaya bayan ɗaya suka fice: Exxon ya rufe nasa a 1984, ARCO ya sayar wa Siemens a 1990, BP ya rufe a 2011. Ribar ba ta kai ta mai ba.

Kun ga ke nan, ta fuskar tarihi makaniken bai yi ƙarya ba. A gidan mai sola ya yi rarrafe.

Sai dai kada mu ɗauka mu 'yan kallo ne kawai a wannan tarihi. A Nijar akwai Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar lissafi da haske. Daga 1969 ya jagoranci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, inda suka riƙa ƙera na'urar dumama ruwa da murhun girki masu aiki da zafin rana. Sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi yau. Tun 1968 ma an gwada kunna talabijin ɗin koyarwa da sola a wata makarantar firamare kusa da Yamai. A Mali, bayan farin shekarun 1970, an fara kafa famfunan sola a rijiyoyin ƙauyuka. A Sakkwato an buɗe cibiyar binciken makamashi a jami'a a 1982.

Mu ma Jigawa muna da namu babin. A 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, jihar ta haɗa hannu da wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund, aka kafa asusun makamashi na JAEF. An sa sola a wasu ƙauyuka, ciki har da Wawan Rafi: famfon ruwan sha, asibitin sha-ka-tafi, makaranta, masallaci, fitilun titi, har da injin matse man gyaɗa. A lokacin faranti yana da tsadar da manomi ba zai ko taya ba, sai gwamnati da masu ba da agaji. Yau ga shi a kan rumfar mai cajin waya.

Yanzu mu buɗe farantin kansa mu ga me ke ciki. Zan bi shi daga dutse har gonar Baffa.

Mataki na farko, dutsen kwatz, farin dutsen nan mai ƙyalli. Silikon yana cikinsa amma a ɗaure da iskar oksijin. Don a raba su, ana zuba dutsen a wani ƙaton tanderu mai aiki da lantarki, zafinsa ya kai kusan digiri 2,000, a haɗa shi da gawayi. Gawayin ne yake janye oksijin ɗin ya bar silikon. Wane gawayi? Kwal, gawayin itace, guntayen katako, wani lokaci kuma da gawayin mai, wato baƙin daskararren abin da yake saura a matata bayan an tace ɗanyen mai. To ga mai ya leƙo, amma ba dole ba ne. Gawayin itace ma yana yi, kuma a Brazil da shi aka fi yi.

Mataki na biyu, tsarkakewa. Silikon ɗin da ya fito daga tanderu yana da tsarkin kashi 98 zuwa 99, kuma wannan bai isa ba. Ana mayar da shi iska, a tace, a sake daskarar da shi a zafin kusan digiri 1,100. Daga nan a narka shi a sama da digiri 1,400, a jawo shi a hankali ya zama dogon curi kamar turmi, da dabarar da wani ɗan Poland, Jan Czochralski, ya gano a 1916. Sai a yayyanka shi siriri da waya mai ƙurar lu'ulu'u, a zana masa layukan azurfa. Wannan matakin shi ne ya fi kowanne shan wuta. Amma lantarki yake sha, ba fetur ba.

Mataki na uku, sutura. Ƙwayar sola ba ta jure ruwa da ƙura, dole a rufe ta. Gilashi a sama, wanda ake narkawa a kusan digiri 1,500, galibi da iskar gas. Firam na alminiyam, wanda shi ma narka shi yana cin lantarki sosai, kuma sandunan gawayin da ake tsomawa a tukunyar narkawar daga gawayin mai ake yin su. Sannan wata leda mai kama da danƙo, ana ce mata EVA, da ke manne ƙwayoyin da gilashin. Sai ledar baya, da ɗan baƙin akwatin da wayoyi ke fitowa, da rigar wayoyin. Duk waɗannan daga sinadaran mai da gas suke. Nan kam babu musu.

To nawa ne nauyinsu? Hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta fitar da lissafi a 2016: a farantin silikon na yau da kullum, kusan kashi 76 gilashi ne, kashi 10 roba da leda, kashi 8 alminiyam, kashi 5 silikon, kashi 1 jan ƙarfe, azurfa kuma ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu ba. Babban faranti mai wat 550 yana da nauyin kilo 27 zuwa 28. Wato robar da ke jikinsa ba ta wuce kilo 3 ba. Bokitin roba biyu ko uku na tsakar gida.

Mataki na huɗu, hanya. Jirgin ruwa daga Sin zuwa Legas da baƙin mai yake tafiya. Tirela daga Apapa zuwa Kano da dizal. Daga kasuwar Sabon Gari zuwa Jahun da fetur. Wannan ma gaskiya ne, kamar yadda yake ga taki, da babur, da shi kansa injin ban ruwan.

Amma idan kuna son sanin wanda sola ya fi dogara da shi a yau, ba mai ba ne. Kwal ne. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce a rahotonta na 2022 ƙasar Sin tana riƙe da sama da kashi 80 na kowane mataki na ƙera farantan sola, kuma sama da kashi 60 na lantarkin da ake ƙera su da shi a duniya daga kwal yake fitowa. A lokacin, yankin Xinjiang kaɗai yana samar da kusan kashi 40 na tsarkakakken silikon na duniya, saboda arhar wutar kwal a can. Duk mai ce muku sola tsarkakakke ne tun daga haihuwa, bai faɗi daidai ba.

Sai dai tanderu bai san daga ina wutarsa ta fito ba. A Norway ana narka silikon da wutar madatsar ruwa, irin ta Kainji da Shiroro. Abin da ake buƙata lantarki ne mai yawa, mai arha, wanda ba ya ɗaukewa. Kwal zaɓi ne na arha, ba sharaɗi ba ne.

Yanzu ga wurin da makaniken ya ɓata lissafi. Ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: man da aka kashe sau ɗaya wajen ƙera abu, da man da ake ƙonawa kullum don abin ya yi aiki.

Mu yi lissafin tare, a sauƙaƙe. A rana irin tamu ta Jigawa, faranti mai wat 550 zai ba da wajen yunit 2 na wuta ko fiye a yini. Ƙaramin janareto kafin ya ba ka yunit 2 sai ya sha wajen lita guda, wani ma fiye. Idan ana amfani da farantin kullum, lita 365 ke nan a shekara. Masu ƙerawa suna ba da garantin shekara 25. Ku ninka: sama da lita 9,000. Ko a ce manomi ne da ba ya kunnawa sai kwana 120 na rani, lita 3,000 ce. Ku ajiye wannan a gefe guda, ku ajiye robar kilo 3 da kason farantin a man jirgi da tirela a ɗaya gefen.

Har wutar kwal ɗin ma an lissafa. Binciken cibiyar Fraunhofer ta Jamus ya nuna cewa cikin kusan shekara guda faranti yake mayar da duk makamashin da aka kashe wajen ƙera shi, a ƙasa mai rana sosai ma bai kai haka ba. IEA kuma ta ce wata 4 zuwa 8 na aiki sun isa ya biya hayaƙin da aka fitar saboda shi. Sauran shekara 24 riba ce.

Na kwatanta wa Baffa da abin da ya sani. Na ce, "Baffa, garmar shanunku a maƙera aka yi ta, da wuta da gawayi. Amma tun da kuka karɓo ta, kun taɓa saya mata gawayi?" Ya ce a'a. Na ce, "To injinku kullum sai kun kai shi maƙera kafin ya motsa. Bambancin ke nan."

Ya yi shiru, can ya ce, "To me ya sa da mai ya tashi, solar ma ta tashi a Kano?"

Jama'a, wannan tambayar ta fi ta makaniken nauyi, kuma ita ce ta kai ni ga igiyar da ta ɗaure solarmu da mai da gaske. Ba a cikin farantin take ba. A cikin dala take.

A kasuwar duniya farashin faranti faɗuwa yake yi. Abin da ya kai dala 100 kan wat a farkon shekarun 1970, a 2024 bai kai santi 15 ba a bakin masana'antar Sin. Amma mu da dala muke sayowa, kuma mafi yawan dalar da Najeriya ke samu daga kasuwancin waje ta ɗanyen mai ce. A watan Yunin 2023 aka saki naira. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Don haka faranti yana arha a Shanghai yana tsada a Sabon Gari. Duk da haka mutane ba su fasa ba: cibiyar Ember ta ce a wata 12 zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantan kusan megawat 1,700 daga Sin, ita ce ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Ku kwatanta da tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023, ko ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 ta 2019. Yawancin farantan nan a kan rufin gidaje, shaguna da gonaki suke ƙarewa.

Muna ƙerawa a gida? Hukumar NASENI tana da masana'anta a Karshi kusa da Abuja, akwai wasu kuma a Legas. Amma aikin da aka fi yi shi ne haɗawa: a shigo da ƙwayoyin, a jera, a rufe da gilashi. Matakan farko masu wuya, na tanderu da tsarkakewa, suna buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa dare da rana. Ƙasar da layin wutarta na ƙasa ke faɗuwa sau da yawa a shekara ba za ta riƙe curin silikon a digiri 1,400 ba. Muna da masana'antar narka alminiyam a Ikot Abasi, ta fi daɗewa a kwance fiye da a tsaye. Muna da gas, muna da masana'antar roba a Eleme. Wato hatta ɗan kason da mai ke da shi a jikin faranti, wanda ya kamata a ce mu ne masu sayar wa duniya, shigo mana da shi ake yi. Shi ya sa da aka fara maganar hana shigo da faranti a 2025 mutane da yawa suka ce a fara gina abin da zai maye gurbinsa tukuna. Ni ma ra'ayina ke nan. In an rufe ƙofa yau, Baffa ne zai koma layin gidan mai.

Kafin in rufe, gaskiya biyu ga mai shirin saye. Faranti yana daɗewa, batir ba ya daɗewa. Na gidan da ke son wuta da dare zai canza batir sau da dama kafin farantin ya tsufa, kuma nan kuɗin suke tafiya. Sa'ar manomin rani ita ce famfo ba ya buƙatar batir, rana na fitowa ruwa na zuba. Na biyu, ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sosai, sai ana gogewa, kuma kasuwa cike take da farantan da lambar da aka rubuta a bayansu ta fi ƙarfinsu. A tafi da wanda ya san aikin, a gwada kafin a biya.

Baffa ya sayar da san. Injin fetur ɗin bai yar ba, yana nan a zaure, ranar da hazo ya rufe gari ko ana son ruwa da asuba shi ake tayarwa. Makaniken ma har yanzu yana zuwa, kuma kwanan baya na tarar da shi a gonar yana kwance akwatin famfon yana leƙa cikinsa, yana tambayar wace waya ce ke zuwa ina. Na ce, "Oga, ba kai ka ce ɗan fetur ne ba?" Ya ce, "Har gobe ina nan a kan bakana. Amma ɗan ya fi uban sauƙin ciyarwa."

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Na bar ku lafiya.